Baƙin Gilashi Mai Mayen Ƙarfe Da Hoton Ruwa Mai Gudu

Duk wanda ya taɓa duban hotunan da ake bugawa a kalandar bango ko a mujallun yawon buɗe ido, lalle ya ga irin hoton nan na ruwa mai gangarowa daga kan dutse, wanda ya fito fari fat, sumul, kamar an tuttular da madara, alhali kuwa duwatsu da itatuwan da ke gefensa sun fito garau, ko ganye ɗaya bai gauraya da ɗan'uwansa ba. Jama'a da yawa sun ɗauka wannan aikin kwamfuta ne. Ba haka ba ne, dabarar ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba, kuma ba ta wuce barin kyamara ta daɗe tana kallon abu ba.

A cikin kowace kyamara akwai wani ɗan marfi da ke buɗewa ya rufe idan an latsa. A hoton yau da kullum, marfin nan yawanci ba ya wuce kashi ɗaya cikin 125 na sakan a buɗe, saboda haka abin da ke motsi a hankali sai ya fito kamar a tsaye yake. Amma idan aka bar marfin a buɗe har sakan goma, duk abin da ke motsi zai shafe hanyar da ya bi, watau ruwa ya zama kamar hazo, girgije ya ja dogon layi a sama, abin da ke kafe kuwa ya fito yadda yake. Matsalar ita ce haske. Ɗaukar hoto kamar cika tulu ne a bakin famfo: ko dai a buɗe famfon sosai na ɗan lokaci, ko a bar shi yana ɗiga na dogon lokaci, amma wanda ya buɗe sosai kuma ya daɗe, ambaliya zai samu. Ambaliyar haske ita ce hoto ya fito fari tas, ba a gane komai. Da rana tsaka a ƙasar nan, ko an tsuke kafar shigar haske zuwa lamba 16, an kuma sauke lambar ISO zuwa 100, kyamara ba za ta yarda a wuce wajen kashi ɗaya cikin 125 na sakan ba. Wanda yake son sakan goma, tilas ya sa wa kyamararsa baƙin tabarau.

Abin dariya a nan shi ne, magabatan wannan sana'a sun ƙare rayuwarsu ne wajen yaƙi da abin da ake biyan kuɗi a saya a yau. Hoto mafi tsufa da ya rage a duniya wanda aka ɗauka da kyamara, wani Bafaranshe mai suna Nicéphore Niépce ne ya ɗauke shi daga tagar gidansa a wajejen 1826 ko 1827, kuma ya bar kyamarar a buɗe aƙalla awa 8, har rana ta haskaka gine-ginen da ke cikin hoton ta gabas da ta yamma gaba ɗaya. A shekarar 1838 Louis Daguerre ya ɗauki hoton wani babban titi a birnin Faris da ake kira Boulevard du Temple. Titi ne mai cike da kekunan doki da masu tafiya a ƙasa, amma da yake ɗaukar ta ci mintoci da dama, sai ya fito fayau kamar an yi gudun hijira, ba a ga kowa sosai ba sai wani mutum da ya tsaya ana goge masa takalmi. Tun daga nan masana suka yi ta fama don su gajarta lokacin, har aka kai ga kashi ɗaya cikin dubbai na sakan. Yanzu kuma jikokinsu a sana'a sun koma neman hanyar tsawaita shi.

Baƙin gilashin da ake sawa a gaban idon kyamara, a jikinsa akan rubuta haruffan ND da wata lamba. Aikinsa ya rage yawan hasken da ke shiga ba tare da ya taɓa launi ba. Ana auna ƙarfinsa da mataki, kuma kowane mataki ɗaya yana raba haske biyu ya tare rabi, watau yana ninka lokaci sau biyu. Mai lamba ND8 mataki 3 ne, mai ND64 mataki 6, mai ND1000 kuwa mataki 10 ne, kuma ainihin ninkinsa 1,024 ne, an dai taƙaita ne don sauƙin lissafi. Wasu kamfanoni kan rubuta 0.9 da 1.8 da 3.0 a maimakon waɗannan, duk abu ɗaya ne, sai dai yakan rikita mai saye a kasuwa. To, hoton da kyamara za ta ɗauka cikin kashi ɗaya cikin 125 na sakan, idan aka ɗora mai mataki 10, ya koma sakan 8 ke nan. Idan aka haɗa mai mataki 10 da mai 6 aka sami 16, ninkin ya zama 65,536, hoton kashi ɗaya cikin 250 na sakan ya koma minti 4 da sakan 22.

Lissafin ba shi da wuya. Wuyar tana hannu. Gilashi mai mataki 10 baƙi ne wuluk, wanda ya ɗaga shi ya duba ba zai ga komai ba sai ƙwallon rana ko fitila mai ƙarfi. Da zarar an ɗora shi, mai ɗaukar hoto ya makance, kyamarar ma sau da yawa ba ta iya daidaita saiti da kanta. Kyamarorin zamani marasa madubi a ciki sun ɗan rage wannan wahala, domin suna ƙara wa allonsu haske, amma da magariba ta kawo kai su ma sai su fara lalube. Don haka ƙa'idar aikin ita ce a kafa kyamara a kan maɗori mai ƙafa uku, a tsara hoton, a daidaita saiti, a auna haske, sa'an nan daga ƙarshe a ɗora gilashin ba tare da an gusar da komai ba. In an so a ɗan karkata kyamarar don a shigo da wani dutse, sai a cire gilashin, a gyara, a sake ɗorawa. A zama ɗaya mutum zai iya yin haka sau goma ko fiye. A nan ne yadda ake manna gilashi a kyamara ya zama abin magana.

Hanya ta farko, wadda kowa ya gada, ita ce ta murɗawa. Bakin idon kyamara yana da siraran haƙora kamar na murfin kwalba, gilashin ma yana da nasa, sai a murɗa ɗaya cikin ɗaya. Faɗin bakin a rubuce yake da milimita, kamar 52 ko 58 ko 67 ko 77 ko 82. Wannan hanya tana da ƙarko, tana da araha, haske ba ya satar shiga ta gefe. Amma haƙoran ƙanana ne ainun, tazararsu yawanci ba ta kai milimita ɗaya ba, kuma mai gaggawa yakan sa su a karkace su cije. Zoben da aka yi da alminiyam yakan kafe, musamman idan ƙurar hunturu ta shiga tsakani, har a rasa yadda za a raba gilashi biyu da aka haɗa. Mafi muni kuma, a wajen murɗawar nan ne hannu ke taɓa zoben saiti, hoton minti 4 ya fito dishi-dishi, ba a kuwa sani ba sai an gama jira.

Hanya ta biyu ita ce ta gilashi mai kusurwa huɗu da ake zura wa cikin wani ɗan firam. Kamfanin Cokin na Faransa ne ya yaɗa ta tun daga 1978, kana kamfanin Lee na Ingila ya fito da mai mataki 10 mai suna Big Stopper a 2010, wanda ya sa irin wannan hoto ya zama yayi a tsakanin masu ɗaukar hoton gaɓar teku a Turai. Kaya ne masu kyau, amma ga nauyi, ga tsada, ga saurin fashewa, kuma in ba a liƙa soso a gefen gilashin da kyau ba, haske yakan kutsa ta baya ya ɓata hoton.

Ta uku ita ce ta mayen ƙarfe, watau maganaɗisu. Akan murɗa wani siririn zobe a bakin idon kyamara sau ɗaya tak, a bar shi can. Daga nan duk gilashin da ake so, da an kawo shi kusa sai ya manne da kansa, ƙas, a cire shi kuma da yatsa biyu. Ana iya ɗora wani a kan wani, har murfin rufe idon kyamarar ma da maganaɗisu yake kamawa. Abin da ya sa haka ta yiwu shi ne wani irin maganaɗisu mai tsananin ƙarfi da ake haɗawa daga niyodimiyam da baƙin ƙarfe da boron, wanda Masato Sagawa na kamfanin Sumitomo a Japan da masanan kamfanin General Motors a Amurka suka gano, kowa da nasa binciken, a farkon shekarun 1980. Maganaɗisun da aka sani a da, irin na bayan lasifikar rediyo, in aka sirantar da shi ya shiga bakin zobe ba zai riƙe ko murfin gwangwani ba. Kamfanonin ƙasar Sin irin su Kase da Haida da K&F Concept suna cikin waɗanda suka cika kasuwa da wannan samfuri, kuma wasu masu yin sa sukan shafa wa bakin kowane gilashi launinsa dabam don a gane shi a cikin duhu ba sai an karanta lamba ba.

Wani zai ce, sakan nawa ne murɗa gilashi har da za a yi masa wata sabuwar fasaha? Tambayar tana bisa hanya, amsarta kuwa tana da nasaba da inda mutum yake tsaye a doron ƙasa. Hasken da masu hoton sarari suka fi so shi ne na daf da fitowar rana da na bayan faɗuwarta. A arewacin Sikotilan, cikin watan Yuni, hasken nan na bayan faɗuwar rana yakan wuce awa guda kafin duhu ya rufe, mai hoto ya yi aikinsa a tsanake har ya sha shayi. A Nijeriya kuwa, da yake ƙasar tana kusa da tsakiyar duniya, rana a miƙe take nutsewa, kuma daga Ikko har Kano wannan haske ba ya wuce minti 21 zuwa 24 a duk shekara. Idan kowane hoto yana cin minti 2, kyamara kuma ta ƙara wasu minti 2 tana share ɗige-ɗigen da zafi ke haifarwa, hoto biyar kawai mutum zai samu kafin gari ya rufe. A cikin wannan ɗan lokaci kuma haske raguwa yake yi minti bayan minti, gilashin da ya dace ɗazu ya yi duhu da yawa yanzu, sai a sauka daga mataki 10 zuwa 6, daga 6 zuwa 3. Wanda gilashinsa ya cije a irin wannan lokaci, ya yi asarar yinin, in kuwa daga nesa ya zo, har da kuɗin mota da na masauki. A wannan fuska dai, mai hoto a ƙasar zafi ya fi Bature bukatar mai maganaɗisu, ko da yake an fi tallata shi da hoton mutum mai safar hannu a cikin dusar ƙanƙara.

Akwai kuma wani gilashi dabam da ake juyawa don kashe ƙyalli a kan ruwa da jiƙaƙƙen dutse da ganye. Shi wannan ba abin da kwamfuta za ta iya kwaikwaya ba ne daga baya, kuma a bakin magangarar ruwa ya fi baƙin gilashin ma amfani, domin shi ke fito da ainihin launin dutse, yana kuma rage haske mataki ɗaya zuwa biyu. Irin na murɗawa, in an juya shi ta hagu ba a lura ba, yakan kwance ya faɗi. Na maganaɗisu kuwa a kan zobensa yake zagayawa, ko ta ina aka juya.

Sai dai ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Abin da ke mannewa da sauƙi yana fita da sauƙi. Reshen itace, ko igiyar kyamara, ko bakin jaka, kowanne yana iya fizge gilashin, kuma wanda ya faɗa cikin Gurara ya tafi ke nan. In an ɗora uku a jere, nauyi ya ƙaru, riƙon na ƙasa ya ragu. Kauri ma yakan ƙaru, har kusurwoyin hoto su yi baƙi idan idon kyamarar mai faɗin gani ne. Maganin wannan shi ne a sayi gilashi mai faɗin da ya ɗara na idon, misali 82 ga ido mai 77, a haɗa su da zoben ƙari. Amma da an yi haka, malfar nan da ke kare idon kyamara daga rana da yayyafi yawanci ba ta ƙara shiga. Sa'an nan maganaɗisu yana tsintar ɓurɓushin ƙarfe da baƙin yashi, kuma ƙwaya ɗaya a tsakanin zobe da gilashi ta isa ta hana shi zama daidai. Ba ya cutar da katin ajiyar hoto, amma yana ruɗa kamfas, kuma wanda aka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya bai kamata ya riƙa zuba su a aljihun ƙirji ba. Akwai ma aikin da zagayayyen gilashi ba ya iyawa: irin gilashin nan mai rabi baƙi rabi fari, wanda ake dusashe sama da shi a bar ƙasa, dole a iya ɗaga shi ko a sauke shi ya dace da inda sama ta haɗu da ƙasa. Mai kusurwa huɗu ne kaɗai ke yin haka.

Babban aibin kuwa ba a ganinsa sai bayan an biya kuɗi. Haƙoran murɗi gadon kowa ne. Gilashi mai faɗin 52 da aka saya a 1980 zai shiga idon kyamara mai faɗin 52 da aka ƙera bana, ko wane kamfani ya yi shi. Maganaɗisu ba shi da irin wannan yarjejeniya. Kowane kamfani da nasa kaurin zoben da nasa tsarin, na wannan sau da yawa ba ya zama a kan na wancan, wani lokaci ma sabon samfurin kamfani ɗaya ba ya jituwa da tsohonsa. Wanda ya sayi zobe ya ɗaura aure da kamfanin ke nan. A ƙasar da ake shigo da kayan nan da kuɗin waje, inda in gilashi ɗaya ya fashe ba lalle ne a sami irinsa a kantin kayan hoto na Ikko ko Abuja ba, wannan ba ƙaramar magana ba ce ga saurayin da ya tara kuɗin ɗaukar hoton biki ya saya.

Har ila yau, ya kamata a gane cewa maganaɗisu ba ya shiga cikin hoto. Abin da haske ke ratsawa shi ne gilashi, kuma a nan ne ake yin ha'inci. Baƙin gilashi marar kyau yakan tare hasken da ido ke gani ya bar wanda ido ba ya gani ya wuce, sai koren ganye ya koma ruwan ƙasa, hoto duka ya yi ja-ja ko shuɗi-shuɗi. Wani kuma ba a goge fuskarsa ta miƙe daidai ba, sai ya dusashe ƙananan zane-zanen dutse, ko a rubuta masa mataki 10 alhali 9 ne. Araha ba ta ado. Da mutum ya sayi akwati mai gilashi biyar na maganaɗisu marasa asali, gara ya sayi biyu nagari na murɗawa, mai mataki 6 da mai kashe ƙyalli, ya ƙara sauran kuɗin a kan maɗori mai ƙarfi. Gwajin kuwa mai sauƙi ne tun a bakin kanti: a ɗauki hoton farin bango ba gilashi, a sake ɗauka da gilashi, a gwada launin biyun. Shi ma wanda ake murzawa ya ƙara duhu ko ya rage, wanda masu ɗaukar bidiyo ke so, ba na wannan aiki ba ne, don in an kai shi ƙarshe yakan zana baƙin giciye a tsakiyar hoto. Amma ga wanda ya riga ya sa wannan aiki a gaba, yake sauya gilashi sau da yawa a kowace fita, mai maganaɗisu na kamfanin kirki ya cancanci kuɗinsa, muddin ya tsaya a kan faɗi ɗaya da kamfani ɗaya, ya kuma sayi zobe ga kowane idon kyamara da yake da shi.

Akwai wani batu da masu sayar da gilashi ba sa kawowa. Doguwar ɗauka tana share abin da ke motsi, kamar yadda ta share jama'ar Faris a 1838. A hannun gwani wannan harshe ne na faɗar magana. Alexey Titarenko na Rasha ya yi amfani da ita a birnin Santa Fitasbag a farkon shekarun 1990, bayan rushewar Tarayyar Sobiyat, inda ya ɗauki cincirindon mutane a bakin tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa suka fito kamar baƙin hayaƙi, ba fuska ko ɗaya, sai alamun hannuwa a kan ƙarfen dafawa. Michael Wesely na Jamus ya bar kyamarori a buɗe wajen shekara biyu, daga 1997 zuwa 1999, suna kallon ginin dandalin Potsdamer a birnin Balin. Amma dabarar da ta yi wannan ita ce kuma ke sa ledoji da robobin da ke yawo a kan ruwan Ikko su ɓace, tafkin ya fito sumul kamar faranti. Ga kalanda ba laifi. Ga jarida kuwa, in labarin na ƙazantar ruwa ne ko na cunkoson kasuwa, irin wannan hoto shaidar zur ce, ko da ba a taɓa shi da kwamfuta ba.

Ga wanda ke son gwadawa, lokaci ya fi kaya muhimmanci. Da hunturu sama ba ta da girgije, sai ƙura, ko an bar kyamara minti 10 ba abin da zai motsa a cikinta. Damina da farkon kaka su ne lokacin, sa'ad da gizagizai ke tafiya a kan Dutsen Zuma, magangarun ruwa kuma suka cika: Gurara a Jihar Neja, Matsirga a kusa da Kafanchan, Assop a hanyar Jos, Farin Ruwa a wajen Wamba, da Erin Ijesha a Jihar Osun. Ba kowane ruwa ne ke son dogon lokaci ba. Gurara, mai tsawon kimanin mita 30, idan ta cika maƙil a watan Agusta ko Satumba, sakan 30 zai mai da ita bango marar fasali, ƙarfin nan nata duk ya ɓace. Rabin sakan zuwa sakan 2 ya fi nuna zaren ruwan, kuma mai mataki 3 ko 6 ya wadatar. Mai mataki 10 na girgije ne da igiyar teku. In lokaci ya wuce sakan 30, sai a koma kan alamar B a yi amfani da igiyar latsawa, mai kyamara irin ta madubi kuma ya toshe tagar leƙe don kada haske ya shiga ta baya. Feshin ruwa shi ne babban abokin gaba a bakin magangara, ɗigo ɗaya a kan gilashi ya isa ya ɓata hoton, saboda haka ƙwararru sukan bar murfi a kai har sai iska ta juya, su cire, su latsa, su goge da tsumma mai laushi kafin na gaba. Duwatsun wurin kuma santsi gare su da damina, ƙafafun maɗori uku ne, na mai shi biyu.